KUƊIN FANSHON WANDA YA YI RITAYA SHI KAƊAI: YA JUYA SU KO YA BAR SU?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta ciniki Ya haramta cin kuɗin ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa, yau maganarmu a kan wasu iyayenmu ce waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen fansho. Dattijon da matarsa ta rasu bai sake aure ba. Baiwar Allah da ta yi aikin asibiti ko koyarwa shekara 35, mijinta ya rigaye ta, Allah bai ba ta haihuwa ba. Wanda ya haifa amma ya binne su duka. Wanda 'ya'yansa suna nan, sai dai suna nesa, kowa na fama da kansa. Daga Daura zuwa Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Baure, kusan kowace unguwa akwai irinsu.

Ranar da takardar ritaya ta fito, masu ba da shawara sai su yi wa irin wannan mutum caa. Wannan ya ce, "Baba, kai da ba ka da kowa, kwashe abinka ka ci da ranka." Wancan ya ce, "Hajiya, ki miƙa wa kamfanin inshora, su riƙa biyanki har ki mutu." Wani kuma ya ce a bar kuɗin inda suke kada a taɓa. To wanne ne daidai a shari'a, wanne ne kuma daidai a hankali?

Amsar a taƙaice: juyawa iri uku ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda za ka gaggauta, akwai wadda za ka ƙaurace wa, akwai wadda za ka yi da awo. Samarin da ke karanta wannan a waya, don Allah ku karanta wa iyayenku da baffanninku da gwaggonninku, domin da yawansu ba sa shiga Facebook.

SU WA MAGANAR TA SHAFA?

A shekarar 2004 aka kafa dokar fanshon karo-karo a Najeriya, aka sake ta a 2014. A ƙarƙashin dokar 2014, ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Kamfanin fansho ne ke juya kuɗin, hukumar PenCom ke sa masa ido. Ba ka isa ka taɓa su a matsayin fansho ba sai ka yi ritaya kuma ka kai shekara 50.

Wannan ya shafi ma'aikatan tarayya, kamar jami'an kwastam da na shige da fice da ke aiki a iyakar Kongolam, da 'yan sanda, da ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Daura, da ma'aikatan bankuna da manyan kamfanoni. Sojoji an fitar da su daga tsarin. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma kuwa, dokar jiharsa ce ke tafiyar da fanshonsa, don haka ya fara tambayar ofishinsa wane tsari yake ciki. Amma abin da za mu faɗa kan gado da zakka da kashe kuɗin sallama ya shafi kowa.

MAGANAR HARAJI

Wannan tambaya ta juya kuɗin fansho ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Amurka ma ana tafka muhawara a kanta, sai dai su damuwarsu haraji ce. Can ma'aikaci yana tara kuɗi ba a cire masa haraji ba, sai ranar da ya zo cira a cire. Tun 1997 doka ta kawo wani asusu mai suna Roth, wanda za ka biya harajin tun yanzu, daga baya ka ci abinka ba haraji. Sai tsoho ya zauna yana lissafi: in biya yau ko in bari sai gobe? Wanda ba shi da aure a can lissafin ya fi matse shi, saboda yana saurin hawa matakin haraji mai tsada fiye da ma'aurata. 'Yan uwanmu mazauna can su nemi masanin harajin ƙasar kafin su motsa.

Mu a nan Allah Ya sauƙaƙa mana wannan ɓangaren. Dokar fansho ta 2014 ta cire haraji daga abin da ake zubawa, ta kuma cire shi daga abin da ake biyan ɗan fansho. In ban da ƙarin da mutum ya riƙa zubawa da ganin damarsa, wanda idan ya cire kafin shekara 5 za a caji haraji a kan abin da ya haifa. Ka ga ke nan haraji ba shi ne babban abin tsoronmu ba. Namu abin tsoron uku ne: haram ta shiga cikin abincin tsufa, kuɗi su ƙare rai bai ƙare ba, ko a mutu a bar rigima.

ABIN DA WANDA YAKE SHI KAƊAI YA KAMATA YA FARA SANI

A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce kotunanmu ke aiki da ita, ciyarwar da ke wajaba saboda dangantaka ba ta da faɗi. Miji ya ciyar da matarsa. Uba ya ciyar da 'ya'yansa. Ɗa mai hali ya ciyar da iyayensa matalauta. Daga nan ta tsaya. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya san wannan. Ɗan uwanka da kuke uwa ɗaya uba ɗaya, alƙali ba zai tilasta masa ciyar da kai ba. Ɗan ƙanenka da ka biya wa kuɗin makaranta, in ya ba ka ya yi zumunci ya sami lada, in ya hana ka ya yi butulci, amma ba bashi kake binsa ba.

Baba, ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Mai 'ya'ya idan ya yi kuskure da kuɗinsa, akwai waɗanda shari'a za ta ce su ɗauke shi. Kai in ka yi kuskure, sai dai tausayin mutane. Shi ya sa maganar "ba ka da kowa, kwashe ka ci" take a juye. Rashin kowa shi ne dalilin da zai sa ka fi kowa tattali. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma kada wani ya ce maka ajiya rashin tawakkali ce. A cikin Suratu Yusuf, aya ta 47 da ta 48, Annabi Yusuf alaihis salam ya ba mutanen Masar shawarar su ajiye hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Ya tabbata a Bukhari daga Sayyidina Umar cewa Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banun Nadir. Ka'abu ɗan Malik, da Allah Ya karɓi tubarsa, ya so ya sadakar da dukiyarsa kaf, Annabi ya umarce shi da ya riƙe wani abu, ya nuna masa hakan ya fi masa alheri. Wa ya kai su tawakkali?

JUYAWA TA FARKO: DAGA ASUSUN RUWA ZUWA ASUSUN DA BA RUWA

Kafin mu ci gaba, mu warware wata kalma. A Hausa muna cewa riba idan ɗan kasuwa ya sayar ya samu ƙari, wannan halal ce. Riba da Alƙur'ani ya yi shelar yaƙi a kanta a Suratul Baƙara, aya ta 278 da ta 279, ita ce muke kira kuɗin ruwa: ka ba da rance a mayar maka da ƙari.

Kaso mafi girma na kuɗin fanshon Najeriya ana zuba shi ne a takardun bashin gwamnatin tarayya, wato a ranta wa gwamnati ta mayar da ruwa. Shekaru da yawa ma'aikaci Musulmi ba shi da zaɓi, doka ce ta tilasta cire kuɗin, kuma ba a tambaye shi inda za a kai su ba. Wanda aka tilasta ba shi da laifi.

Amma yanzu hanya ta buɗe. Tun 2018 aka raba asusun fansho gida-gida, 'yan ritaya aka sa su a asusu na huɗu. A 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda a takardunsu za ka ga an rubuta Fund VI, asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa. Yana da reshe biyu, na masu aiki da na 'yan ritaya. Ana zuba kuɗinsa a irin su sukuk da hannun jarin kamfanonin da sana'arsu ta halatta. Sukuk ba baƙon abu ba ne a wurinmu: gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a 2017 na naira biliyan 100, aka yi aikin hanyoyi da shi, har da wani sashe na hanyar Kano zuwa Katsina. Mai sukuk haya yake karɓa a kan kadara, ba ruwa a kan bashi ba.

To tunda ƙofa ta buɗe, uzurin tilas ya ragu. Ba a mayar da mutum wannan asusu sai ya nema da kansa. Ka je ofishin kamfanin fanshonka, ka ce kana son komawa asusu na shida, a ba ka fom. Zuwa da kai ya fi saƙo. Idan kamfanin ya riƙa yi maka yawo da hankali, ka sani tun watan Nuwamba 2020 aka buɗe damar canza kamfanin fansho, sau ɗaya a shekara.

Tambayoyi biyu za ka yi musu. Na ɗaya: kashi nawa na asusun ne yake cikin abin da ya dace da shari'a a yanzu? Domin lokacin da aka fara, kayan zuba jari na halal ba su wadata ba, aka ba da dama a cike giɓi da na gama-gari kafin a samu. Na biyu: idan wani abu marar tsarki ya shigo, yaya suke fitar da shi, kuma su wane ne malaman da ke duba musu? Haƙƙinka ne ka sani.

Wani zai ce, "Malam, in ribar can ta fi ta nan fa?" Wata shekara tana iya fi, wata shekara ta gaza, wannan kasuwa ce. Amma mutumin da ya haura sittin, wanda kullum yake ɗaga hannu yana roƙon cikawa da imani, bai kamata bambancin 'yan dubbai ya sa ya ci gaba da cin abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ba mu labarin matafiyin da ya ɗaga hannu sama yana kiran Ubangiji, alhali cinsa da shansa da suturarsa haram ne, aka nuna amsa addu'arsa abu ne mai wuya. Wanda yake kwana shi kaɗai a ɗaki, wane jari ne ya fi masa addu'ar da ake amsawa?

Saura abin da ya taru a baya. Malaman wannan zamani sun kasu. Wasu sun ce tunda tilas aka cire, kuma kuɗin ba su taɓa shiga hannunka ba, abin da aka ba ka a ƙarshe naka ne. Wasu sun ce ka ƙiyasta abin da ya fito daga ruwa ka fitar da shi zuwa ga mabuƙata ko aikin al'umma, ba da niyyar sadaka ba, da niyyar tsarkakewa. Na biyun ya fi kusa da tsantseni, kuma takardar bayanin asusunka tana raba abin da aka zuba da abin da ya ƙaru, don haka akwai inda za a fara lissafi. Sai dai wanda fanshonsa ko abinci da magani ba ya isarsa, shi kansa mabuƙaci ne, kuma malamai sun yi sauƙi ga matalauci ya ci gwargwadon buƙatarsa daga irin wannan. Kada waswasi ya sa ka kwana da yunwa.

JUYAWA TA BIYU: MIƘA KUƊIN GA KAMFANIN INSHORA

Ranar ritaya za a ajiye maka hanya biyu. Ta farko, kuɗinka su zauna a asusunka, kamfanin fansho ya ci gaba da juya su, yana biyanka wata-wata ko duk wata uku bisa lissafi. Ta biyu, a kwashe su a miƙa wa kamfanin inshora, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyanka wani adadi har ranar da ka mutu. Wannan ta biyun ita suke kira anuwiti.

Mu faɗi gaskiya, ta biyun tana da abin sha'awa, musamman ga wanda ba shi da mai ɗaukarsa. Tsoronsa shi ne ya yi tsawon rai kuɗi su ƙare, ita kuma ta ce ba za su ƙare ba. Wannan tsoro ne na gaske, ba abin raini ba ne.

Amma duba yadda cinikin yake. Misali kawai: ka ba da naira miliyan 10, aka ce za a riƙa ba ka dubu 120 duk wata. Idan ka rayu shekara 11, ka karɓi miliyan 15 da dubu 840. Idan ka rayu shekara 25, ka karɓi miliyan 36. Ranar da aka sa hannu, kai ba ka san nawa ka saya ba, su ba su san nawa suka sayar ba. Kuɗi ne aka canza da kuɗi, da jinkiri, da fifiko, kuma adadin ya rataya a kan ajalin da Allah kaɗai Ya sani. An haɗa riba da garari ke nan, wato cinikin da ba a san ƙarshensa ba, wanda Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya hana. Saboda irin wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta nuna inshorar taimakekeniya a madadinta, wadda muke kira takaful. Akwai manyan malamai da suka saɓa, kamar Shehu Mustafa Zarƙa na Siriya, Allah Ya jiƙansa, amma mafi yawa suna kan hani.

Ko a lissafin duniya ma akwai abubuwa uku da ba kowane dillali zai tsaya ya bayyana maka ba. Na ɗaya, hanyar ba ta da komowa. Wanda ke karɓa daga asusunsa yana iya komawa inshora daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. Na biyu, gado. A hanyar farko duk abin da ya rage ranar da ka rasu na magadanka ne. A ta biyu garantin shekara 10 ne: in ka rasu a cikinsu, a biya magada ragowar shekarun, in ka wuce su ko da kwana ɗaya ne, babu abin da za a ba kowa. Na uku, tsadar rayuwa. Duk mun ga abin da ya faru bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 da sakin naira: dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, har aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70. Adadin da aka ƙayyade maka a takarda ba ya bin farashin masara a kasuwa. Wanda kuɗinsa ke asusunsa kuwa, idan sun haihu, PenCom takan amince a yi wa irinsu ƙari lokaci-lokaci.

Don haka shawarata: ka bar kuɗin a asusunka, ka mayar da shi na shida. Idan aka kawo maka tsarin takaful na fansho wanda hukuma ta amince da shi kuma malamai amintattu suka duba, wannan wata magana ce, a kawo takardun a karanta. Wanda kuma ya riga ya shiga bisa rashin sani, kada ya ɗaga hankalinsa. Ya nemi gafarar Allah, ya ci gaba da karɓar abin da zai rayu da shi, ya sami malami ya zauna da shi a kan halinsa na kansa.

To tsoron tsawon rai fa? Maganinsa yana cikin juyawa ta uku.

JUYAWA TA UKU: KUƊIN DUNƘULE A HANNU

Doka ta ba ka dama ka karɓi wani kaso a dunƙule ranar ritaya, gwargwadon abin da lissafi ya nuna zai bar maka fansho. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da ka ƙara ɗauka yau, daga abincin wata-wata na gobe ka yanko shi. Allah Ya hana mu ƙulle hannu a wuya, Ya kuma hana mu shimfiɗa shi gaba ɗaya har mu zauna abin zargi, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, aya ta 29.

Ga jerin da nake ganin ya fi. Bashi tukuna, domin ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, kuma kai ba ka da tabbacin wanda zai biya maka. Sai muhalli, ko ɗaki biyu ne, wanda ba mai tashinka. Sai ajiyar magani, saboda hawan jini da ciwon suga ba sa jiran ƙarshen wata. Sai Hajjin farilla ga wanda bai taɓa zuwa ba, da sanin cewa kujerar 2025 ta haura naira miliyan 8. Umara ta uku da ta huɗu kuwa ba ta gaban kuɗin asibiti. In da saura, a sa a abin da ka sani kuma idonka ke gani: gona, shago a ba da haya, tumaki ko shanu biyu daga kasuwar Mai'aduwa a ba amintacce kiwo da shaidu da rubutu. Irin wannan kadara ita ce ke tashi tare da farashi, ita ce za ta tallafe ka in Allah Ya ja kwana.

Abin da za ka guje wa: sana'ar da ba ka taɓa yi ba, da yaron da zai zo ya ce a waya ake ninka kuɗi. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025, mutane nawa suka yi kuka? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Saurayi in ya faɗi yana da shekarun tashi, ɗan sittin da biyar fa?

Kuma wanda yake da lafiya da hali, aure ba shi da ritaya. Dattijo ya nemi dattijuwa irinsa, su riƙe juna, a sami mai miƙo ruwa da dare. Wannan ma yana cikin abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi, ba tare da bidi'ar kashe-kashen biki ba.

ZAKKA

Muddin kuɗin suna kulle ba ka da ikon taɓa su, babu zakka a kansu, saboda mallakar ba ta cika ba. A kan haka Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta tafi a zamanta na Dubai a 2005. Abin da ka karɓa a dunƙule, a mazhabarmu sabuwar dukiya ce: in ya kai nisabi, wato kimar zinari giram 85, kuma ya shekara a hannunka, ka fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Na wata-wata da ke ƙarewa a cefane babu komai a kansa.

"BA NI DA MAGAJI"

Wannan kalma a daina saurin faɗinta. Wanda ya mutu bai bar ɗa ko uba ba, shi Alƙur'ani ya kira kalala, kuma Allah da kanSa Ya raba gadonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 12 da ta 176. Ta ƙarshen ta sauka ne a kan Jabir ɗan Abdullahi, lokacin da ya kwanta ciwo yana tambayar yadda zai yi da dukiyarsa, ga shi da 'yan uwa mata. 'Yar uwa ɗaya shaƙiƙiya tana da rabi, biyu ko fiye suna da biyu bisa uku, 'yan uwa na wajen uwa suna da nasu kaso, in babu na kusa a gangara zuwa 'ya'yan 'yan uwa maza, da baffanni, da 'ya'yansu maza. Da wuya a rasa kowa.

Sunan makusancin da ka rubuta a fom tun ranar ɗaukar aiki ba shi ke mayar da mutum magaji ba. Wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kamfanin fansho zai nemi wasiyya tabbatacciya ko takardar kotu kafin ya saki kuɗin, kuma rabon na shari'a ne. Wanda aka rubuta sunansa ya karɓa ya cinye shi kaɗai, wuta ya ci. Ka duba fom ɗinka tun yanzu, wataƙila sunan da ke ciki na wanda ya riga ka tafiya ne.

Ga inda zuciya ke karyewa. Sau da yawa wanda ke wanke wa tsoho kaya, yake kai shi asibiti, ba ya cikin masu gado: ɗan riƙo, 'yar ƙanwa, agola, almajirin gida. Ranar rabo sai a ga waɗanda ba su taɓa leƙowa ba sun zo da motoci, mai jinya ya tashi hannu wofi. Shari'a ta ba ka mafita biyu. Kyauta da ranka da lafiyarka, a damƙa masa ya karɓa a gaban shaidu, domin a mazhabarmu kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu ta ɓaci. Ko wasiyya ga wanda ba magaji ba, kada ta wuce ɗaya bisa uku. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana da 'ya ɗaya tal lokacin da ya nemi ya bayar da biyu bisa uku, Annabi ya hana, ya nemi rabi, ya hana, ya tsayar da shi a sulusi, ya nuna masa sulusin ma da yawa. A cikin sulusin nan kana iya sa mai jinyarka, ka sa rijiya ko islamiyyar unguwa, ta zame maka sadaka mai gudana. Rubuta yau, ka sa shaidu biyu, ka ajiye kwafi wurin limami ko mai unguwa. Amma kada ka rabar da abin da kake ci da shi tun kana raye, ka koma roƙon wanda ka ba.

GARE MU SAURAN JAMA'A

Da aka ce alƙali ba zai tilasta maka ciyar da baffanka ba, ba a ce Allah ba zai tambaye ka zumunci ba. Ɗan bokon gida ya raka tsohon zuwa ofishin fansho, ya karanta masa kowane layi kafin ya sa hannu, kuma kada ya riƙe masa katin banki sai da yardarsa. Kwamitocin masallatai su san dattawan unguwa da ke zaune su kaɗai, in ba a ga mutum a sahu kwana biyu ba a je a buga ƙofa. Mu ma in Allah Ya ja kwana can muka nufa.

Allah Ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau. Allah Ya yalwata wa iyayenmu arziki na halal a lokacin tsufansu, Ya rufa musu asiri, kada Ya sa su miƙa hannu ga wanda zai wulaƙanta su. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da masarautar Daura da jihar Katsina da ƙasarmu lafiya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.